SHIN AKWAI HALITTAR DA SHARRI CE ZALLA? LABARIN GARAR TEKU



'Yan uwa, duk shekara idan damina ta kankama akwai tambayar da ba ta fashi a akwatin saƙona. Wani gara ta cinye masa ƙyauren ɗaki, wani ta shiga masa rumbu, wani kuma littattafan da ya gada wajen mahaifinsa ta mayar masa da su ƙasa. Sai ka ga ya rubuto: "Malam, don Allah mi ne amfanin gara? Don mi aka halicce ta?" Wata rana sauro ne, wata rana ɓera ko kuɗin cizo. Tambayar dai guda ce take sauya riga: shin akwai halittar da babu komai a cikinta sai cuta?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce a lalubo wani amfani da abin yake yi wa ɗan Adam, a ce to ka gani, ga hikimar. Wannan amsa gaskiya ce, amma ni ba ta ƙosar da ni, kuma ina jin tana koya mana wata ɗabi'a da ya kamata mu yi hattara da ita. Don in nuna muku dalili, zan ɗauke ku daga nan Kucheri in kai ku wajen wata halitta da mafi yawanmu ba mu taɓa gani ba, domin a teku take, mu kuwa ruwan da muka sani bai wuce gulbi da tafki ba. Turawa suna ce mata tsutsar jirgi, suna kuma yi mata laƙabi da garar teku. Wannan laƙabi shi zan riƙe, don ya fi kusa da mu.

A ido tsutsa ce, fara, mai santsi, tsawonta daga taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya. A asali kuwa dangin dodon koɗi ce, irin masu ɓawo biyu da ke buɗewa kamar murfi. Sai dai ita ɓawon nata ya ƙanƙance ya koma bakinta, ya zama kamar magagari. Tun tana 'yar mitsitsiya take maƙalewa a jikin katakon da ke cikin ruwan gishiri, ta huda ƙofa kamar tsinin allura, ta shige, ba ta ƙara fitowa har ta mutu. Tana ci tana girma, tana shafe bangon raminta da farar ƙasa. Daga waje katakon lafiya lau. Ranar da aka jingina da shi sai ya ɓurme, a tarar cikinsa kamar saƙar zuma. Duk wanda gara ta taɓa ci wa ƙyaure ya san wannan yaudara.

Ɓarnar da ta yi a tarihi ba kaɗan ba ce. Kolumbus, a tafiyarsa ta huɗu zuwa nahiyar Amurka, ita ta rarake masa jirage har ya tura ragowar biyun kan gaɓar Jamaika a 1503, shi da mutanensa suka yi shekara guda cur a maƙale. (Ku riƙe wannan: a wajen Kolumbus bala'i ne. A wajen mutanen ƙasashen da jiragen irinsa suke zuwa ci da yaƙi, ban sani ba ko su ma bala'i za su kira shi.) Amma inda ta fi girgiza mutane shi ne ƙasar Holan. Wani babban yanki na wannan ƙasa ya fi teku gangare, ganuwa ce kawai ke tsakaninsu da ruwa, kuma a wancan zamani da turakun katako ake tokare ganuwar. A 1730 da 1731 sai aka ga turakun suna karyewa idan iska ta taso. Da aka duba, garar teku ta gama da cikinsu, tsawon mil da mil na ganuwa. Ka ƙaddara gari ne da ya kwana ya tashi ya gane cewa abin da ya raba shi da nutsewa duk ya zama dusa. Hankali ya tashi, aka sanya ranakun addu'a da azumi, malaman coci suka hau mumbari suna cewa azaba ce Allah ya aiko, kowa yana ɗora ta a kan zunubin da ya fi tsone masa ido. Zan dawo kan wannan.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne: ta yaya take rayuwa a kan katako? Katako yana da wuyar narkewa, dabbobi kaɗan ne ke iya sarrafa zarensa. Bayan haka kuma ba shi da isasshen naitirojin, sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya, wanda sai da shi jiki ke gina tsoka. Cin katako zalla kamar a ce mutum ya rayu a kan rake ne kaɗai, ba wake ba nama.

Wata masaniya a jami'ar Harvard ta Amurka, Ruth Turner, ta ƙarar da rayuwarta tana bibiyar waɗannan halittu, har ta rasu a shekarar 2000. A 1983 ita da abokan aikinta, ciki har da John Waterbury, suka yi nasarar fito da wasu ƙwayoyin bakteriya daga jikin garar teku suka raine su a ɗakin gwaji. Sai ga shi ƙwaya guda tana aiki biyu: tana narkar da zaren katako, kuma tana kamo naitirojin daga ruwa ta mayar da shi abin da jiki zai amfana da shi. A 2002 aka raɗa wa ƙwayar suna Teredinibacter turnerae don girmama wannan mata.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu in muka lura. Saniyar da ke cin harawa ba ita kaɗai ke narkar da ita ba, ƙwayoyin da ke cikin tumbinta ne ke yin mafi yawan aikin. Ƙananan ƙulle-ƙullen da kake gani a saiwar gyaɗa da wake da waken soya, gidajen bakteriya ne masu kamo naitirojin, shi ya sa gonar da aka yi wake bana take yi wa dawa daɗi baɗi. Ita ma gararmu ta tudu ba da ƙarfinta kaɗai take cin itace ba, akwai ƙwayoyi a hanjinta, kuma mai gina babban suri har gonar wata irin funfuna take nomawa a cikin surin don ta tausasa mata abinci. Dukkansu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne.

Sai dai garar teku ta zo da nata salon. Kowa zai yi zaton ƙwayoyin a cikin cikinta suke, inda abincin yake. A'a. A gaɓar numfashinta suke zaune, irin jan abin nan da ke ƙarƙashin kumatun kifi, nesa da ciki. Daga can suke haɗa sinadaran narkarwa, a tura su zuwa wata jaka inda garin katakon yake taruwa. Ita kuwa wannan jaka da masana suka leƙa, sai suka tarar kusan babu ƙwayar cuta a cikinta. Wannan abin mamaki ne. Jaka ce cike da katakon da ya narke ya zama sukari, a cikin ruwan da ƙwayoyi suka yi wa cincirindo. Kamar ka ga rumbu cike da hatsi a tsakiyar daji, ba murfi, amma babu ɓera ko ɗaya. Dole ka ce akwai mai gadi.

Neman wannan mai gadi shi ya kai ga sinadaran da nake son ba ku labari. Da aka karanta kundin halittar ƙwayar a 2009, sai aka ga wani kaso mai tsoka nasa an keɓe shi ne don haɗa irin sinadaran da ƙwayoyi ke yaƙar juna da su. Daga nan aka shiga tono. Akwai wani haɗin gwiwa tsakanin masanan jami'ar Filifin da na Amurka da ya yi shekaru yana tattaro waɗannan halittu daga gaɓar tsibiran Filifin, inda mutanen wasu yankuna ma cinye garar tekun suke yi ɗanya, suna ce mata tamilok. Abincin wani gubar wani.

A 2013 aka bayyana guda biyu. Na farko ana ce masa tanabaktin, shi ma daga sunan Turner aka ciro shi. Aikinsa wawure sinadarin ƙarfe ne daga muhallin. Kowace ƙwaya tana buƙatar ɗan ƙarfe don ta rayu, to shi sai ya kwashe ya kai wa masu gida, baƙo ya rasa. Yaƙi ne da yunwa, ba da makami ba. Na biyu shi ne tatrolon, wanda wani nau'insa ke ɗauke da sinadarin boron a tsakiyarsa, abin da ba a cika samu ba, kuma yana kashe wasu ƙwayoyin kai tsaye. A 2020 wata tawaga a ƙarƙashin Roberta O'Connor ta nuna cewa wannan tatrolon yana kashe wani dangi guda na ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, kuma a cikin dangin akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, akwai masu kama shanu da dawaki ta hanyar kaska, akwai kuma wata mai suna kiriftosforidiyom. Wannan ta ƙarshe tana cikin manyan masu haddasa gudawa ga ƙananan yara a ƙasashenmu, kuma maganin da ake da shi ba ya yin aiki sosai ga yaron da tamowa ta kama, alhali shi ne ya fi buƙata. An gwada tatrolon a kan jariran ɓeraye masu wannan cuta, ya rage ta ƙwarai.

A 2021 kuma masana a jami'ar Utah, a ɗakin binciken Eric Schmidt, suka fito da wani mai dogon suna, tanasaikilamaisin. Shi abin da ya ja hankali a kansa shi ne yana kashe wata ƙwaya da ake kira asinetobakta, wadda ke kama marasa lafiya a gadon asibiti, musamman masu rauni a jiki da waɗanda ke kan na'urar numfashi. Yana kashe ta har da irin wadda ta gagari kolistin, maganin da likita ke ajiyewa sai komai ya ƙare.

Kada ɗan uwa ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin da abin ya fi ƙamari a duk duniya shi ne Afirka ta Yamma, wajen mutum 27 a cikin kowane 100,000. Mu ke nan. Jaririn da aka yi wa allura kala uku a asibitin Gusau zazzaɓi bai sauka ba, mai jegon da ciwon aikinta ya ƙi warkewa, duk suna cikin wannan lissafi.

To a nan ne mai wa'azi yake jin daɗi ya ce: Allahu Akbar, kun gani, halittar da aka tsine wa shekara ɗari uku ashe magani take ɗauke da shi! Ni ma na yi kabbara da na karanta. Amma in muka tsaya a nan, mun amsa tambayar ne da ma'aunin da ya haifar da ita tun farko, wato ma'aunin "mene ne nawa a ciki?"

Ku duba da kyau. Garar tekun da Holan ta la'anta a 1731 da wadda masana suka yaba a 2021 halitta ɗaya ce, aiki ɗaya take yi, ƙwayoyin da ke jikinta suna haɗa sinadaransu tun kafin a sassaƙa jirgin farko. Abin da ya canza shi ne inda muke tsaye. Kuma har yau babu ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai da ya zama ƙwayar da za ka saya a kemis. Suna matakin gwaji, kuma a al'adar wannan fanni mafi yawan abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ba ya kaiwa ga majinyaci: wani ya zo da guba, wani jiki ya ƙi riƙe shi, wani a rasa mai zuba kuɗi. To idan gobe aka ce duk sun faɗi jarrabawa, sai mu ce hikimar ta ɓace, garar teku ta koma sharri zalla? Hikimar da ke tsayawa da faɗuwa a kan sakamakon gwajin wani kamfanin magani ai tana da rauni.

Aikinta na asali yana nan, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kowace damina koguna suna kwasar itatuwa su zuba a teku, dazukan bakin ruwa suna zubar da rassa da kututture. Ba don masu cin katako irinta ba, da wannan itace ya daɗe yana jibge. Ita ke rarake shi, ta mayar da shi nama da taki, kifi da ƙaguwa su samu, ramukan da ta bari su zama gidajen wasu ƙananan halittu. Ba jirgi take nema ba, katako take nema. Mu ne muka kai mata katakonmu har gida.

Malamanmu na aƙida sun daɗe da fayyace wannan. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a littafinsa Shifa'ul Alil a kan cewa sharrin da ke cikin halittu na dangantaka ne: sharri ne ga wanda ya shafa, ta fuskar da ya shafe shi, alhali ta wata fuskar alheri ne ko hanyar alheri. Abin da nake so mu ƙara lura da shi shi ne, wannan "wata fuskar" ba dole ne ta zama fuskarmu ba. Gaskiya ne an hore mana abubuwa da yawa, amma hore maka abu daban, a ce ba shi da dalilin samuwa sai kai daban.

Gararmu ta gida ma ta isa misali. Suratu Saba'i ta ba mu labarin yadda ita ce ta ci sandar Annabi Sulaiman (AS) bayan rasuwarsa, da ya faɗi sai ta tabbata aljanu ba su san gaibu ba. Masu tarihin Annabi (SAW) sun kawo cewa takardar ƙauracewar da Ƙuraishawa suka rubuta suka rataye a Ka'aba, wadda ta jefa Banu Hashim cikin yunwa wajen shekara uku, gara ce ta cinye ta, ta bar sunan Allah. A duka biyun ba ta yi wani abu sabo ba. Abin da take yi wa ƙyaurenka shi ta yi wa sandar da takardar. Sannan ku tambayi 'yan uwanmu manoman Tawa a Nijar, wajen Illela, labarin tassa. Tun wajen 1989, bayan wasunsu sun je sun gano yadda manoman Yatenga a Burkina Faso ke yi, suke haƙa ƙananan ramuka a kan faƙo da rani, su zuba ɗan taki. Gara ta biyo takin, ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, ruwan farko ya sami inda zai shige maimakon ya gudu. Faƙon da ko ciyawa ba ta fita ya koma ba da gero. Manomin da ke zagin gara a rumbunsa shi ne ke gayyatar ta gonarsa.

Wannan bai sa cutarwarta ta daina zama cutarwa ba. Wanda aka cinye wa littattafai ya yi asara, kuma ba daidai ba ne a tare shi da labarin tassa kamar bai rasa komai ba. Kare kai halal ne, wajibi ma ne wani lokaci. Kakanninmu da suka zaɓi azarar giginya don rufin soro saboda gara ba ta cika cinta ba, da wanda ke ɗora rumbu a kan duwatsu, da mai shafa wa gindin turke baƙin mai, babu wanda ya yi jayayya da ƙaddara. Sojojin ruwan Ingila ma tun a shekarun 1760 suka fara lulluɓe gindin jiragensu da jan ƙarfe saboda garar teku. Kana iya korar abu daga ɗakinka ba tare da ka yanke masa hukuncin cewa samuwarsa kuskure ce ba.

Yanzu mu koma mumbarin Holan. Mun yi imani cewa zunubi yana jawo musiba, wannan babu ja. Amma ka nuna wata musiba ayyananniya ka ce wannan azaba ce a kan mutanen wane saboda laifi kaza, wannan magana ce da ke buƙatar wahayi, kuma wahayi ya yanke. Lokacin da ake ta waɗancan huɗubobi, wani masani mai suna Sellius a birnin Utrecht ya zauna ya fede halittar ya duba, ya buga littafi a 1733 yana nuna cewa ba tsutsa ba ce ma, dangin masu ɓawo ce. Masu tarihi daga baya suka danganta yaɗuwarta da shekarun ƙarancin ruwan sama: koguna suka ja baya, gishiri ya ƙaru a bakin gaɓa, ita kuwa abin da take so ke nan. Abin da ya ceci ƙasar a ƙarshe shi ne jigilar duwatsu daga Jamus da ƙasashen arewacin Turai, da kuɗi masu yawan gaske, aka maye gurbin katakon. Addu'arsu ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce wanda yake ganin da zarar ya ce "azaba ce" ya gama bincike.

Mu a Zamfara mun ga irin wannan da idonmu. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sama da 400, suna shiɗewa ba a san dalili ba. Da an tsaya a kan cewa fushin Allah ne ko iska ce, da ba a kai ga gano cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a tsakar gida ba, da ba a kwashe ƙasar gidajen an ba yaran magani ba. Neman sababi ba ya rage tawakkali.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan haɗari, shi ne a ɗauki hukuncin gara a ɗora wa mutum. Na sha jin ana cewa, idan an yi maganar masu tare hanya tsakanin Tsafe da Kucheri zuwa 'Yankara, ko masu hana mutane zuwa gonakinsu, "to ai komai da hikimarsa." Idan ana nufin babu abin da ke fita daga ilimin Allah da ikonsa, gaskiya ne. Idan kuwa ana nufin a sassauta wa mai laifi, ko a rufe bakin wanda aka zalunta, to an yi amfani da gaskiya an kare ƙarya. Gara ba ta da zaɓi. Ba a aiko mata manzo ba, ba ta san ƙyauren maraya ba ne, ba za a tambaye ta ba. Wanda ya ɗauki bindiga ya sani, wanda ya kai masa rahoto daga cikin gari ya sani, wanda ya sayar masa da fetur da burodi a ninkin kuɗi ya sani, wanda aka ba amanar tsaro ya yi barci shi ma ya sani. Ko da wani alheri ya ɓullo daga baya, a ce mutanen gari sun haɗa kai ko wani ya koma ga Allah, wannan alheri ba ya shiga ma'aunin azzalumin. Abin mamaki, mun fi saurin tsine wa halittar da ba ta da laifi, mu nemo wa mai laifi uzuri.

Kuma ba sai mai bindiga ba. Komawa ga maganar magani, waye ya sa muke neman sabon antibayotik har cikin jikin garar teku? Waɗanda muke da su ma daga irin wannan hanya suka zo: fenisilin daga funfuna a 1928, sitireftomaisin na tarin fuka daga ƙwayar cikin ƙasa a 1943. Kyauta ce muka tsinta, ba mu muka ƙirƙira ba. Cikin shekaru ƙasa da ɗari mun dusar da kaifin da yawansu. Mutum ya ji ciwon ciki ya je kemis ya ce a ba shi kafso ja da yalo guda biyu, ya sha ya ji sauƙi ya bari. Likita ya rubuta na kwana bakwai, a sha na kwana uku a ajiye sauran don wani yaron. Mura, wadda antibayotik ba ya yi mata komai, a ɗura wa jariri amfisilin. Kowane rabin magani horo ne ga ƙwayar: masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, su koma jikin maƙwabci. Na san talauci na da hannu, wani kuɗin ƙwaya huɗu kawai gare shi, kuma asibitin ya yi nisa ko hanyar ba ta biyuwa. Wannan uzuri ne ga majinyaci. Mai shagon da ya san illar abin yake ɓallewa yana sayarwa, da mai hali da ke yi don ganin dama, su ba su da shi.

Shi kansa kolistin ɗin da na ambata, tsohon magani ne da aka samo daga wata ƙwayar cikin ƙasa a Japan wajen 1950. Likitoci suka jingine shi saboda yana taɓa ƙoda, sai da sababbin suka fara gazawa aka koma aka ɗauko shi. A tsakanin nan kuwa, da yake yana da araha, sai aka riƙa zuba shi a abincin dabbobi da ruwan kaji a ƙasashe da yawa. A 2015 masana a Sin suka ba da sanarwar gano wani ɗan guntun gado a jikin ƙwayoyin dabbobin kiwo, wanda ke sa su gagari kolistin, kuma yana tsallakawa daga wata ƙwaya zuwa wata. Cikin 'yan shekaru aka same shi a nahiyoyi daban-daban, har da tamu. Wanda ke kiwon kaji a cikinku, in ya koma gida yau ya juya ledar maganin da yake zuba musu a ruwa, ya karanta jerin abin da ke ciki. A yawancinsu da harafin Turawa ake rubuta shi, colistin.